Baturen da Ba Ya Ƙarasa Labari

Wata Juma'a ce cikin watan Maris na shekarar 2014, bayan la'asar, muna zube a kan darduma a falonmu da ke hawa na biyar a unguwar Faisal, sai talabijin ta yi baƙi ƙirin ana tsakiyar kallo. Kaka Ladi, mahaifiyar Babanmu, ta buga cinya ta ce an sake ɗauke wuta, domin a shekarar nan wutar Alƙahira ta koyi halin ta gida. Amma firij yana ta gurnaninsa a kicin. Yayana Sadiƙu ya miƙe zaune, ido na ƙyalli, ya ce ai fim ɗin ne ya ƙare. Kaka ta juya fuska wajen da ta ji muryarsa ta ce, "Ya ƙare a ina? Ina akuyar?" Fim ne a kan wasu yara biyu da suka fita neman akuyarsu, suka tsinci wani tsohon jirgin ruwa a cikin ciyawa, daga nan ba a sake ambaton akuya ba. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Baba ya zo Masar karatun addini, da ya gama sai ya zauna yana yi wa marasa lafiya 'yan gida tafinta a asibitoci. Kaka ta zo daga Malumfashi ne saboda yanar ido ta rufe mata idanu biyu, haske da inuwa kawai take bambancewa. Likita ya ce ƙaramin aiki ne, amma idan aka bari ta daɗe sai ya gagara. Kaka ta ce babu mahaluƙin da zai kai mata wuƙa ido. Bizarta kuma tana gab da ƙarewa, in ta koma haka, ta koma ke nan cikin duhu. Abin haushin, Baba da ya shawo kan tsofaffin mutane rututu ya kasa cewa komai, don shi ne ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, "wancan" take ce masa. Duk roƙon da zai yi sai ya bi ta bakin Ummanmu, amsar ta dawo ta nan, kullum a'a.

Ni aka ba wa aikin zama idon Kaka, kuma ban taɓa samun muƙamin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Da safe in zura kwando da igiya daga baranda mai burodi ya zuba mana, in ja in kawo mata ta shinshina ta ce gurasar Kano ta fi. In na dawo daga makaranta, inda muke tsallen igiya da 'yan matan Misirawa har takalmi ya yage, sai in riƙe hannunta mu hau rufin bene shanya. A can take koya mini carafke da ƙwallon dabino, tana cafewa da jin ƙara kawai, ni mai ido ina zubarwa. Ina faɗa mata komai: tantabarun maƙwabta sun tashi, mai gas ya shigo layi yana buga tukunyarsa da sifana, direbobin ƙananan bas biyu suna zagin juna a bakin titi. Ita kuma ta biya ni da tatsuniya, kowace da farkonta da ƙarshenta, mugu ya sha wuya, mai haƙuri ya ci riba, a rufe a tashi.

Yaya Sadiƙu kuwa wani darektan fim na Amurka ne ya shiga ransa. Ya haddace tarihinsa fiye da nahawun da aka tura shi koyo. Wai mutumin ya fara ne da ɗaukar hoton bukukuwa a wani ƙauye, ya yi fim ɗinsa na farko da maƙwabtansa, babu ɗan wasa ko ɗaya. Manyan kamfanoni suka kira shi suka ba shi wani fitaccen tauraro, shi kuma ya sa tauraron ya juya wa kyamara baya kusan rabin fim. Suka ce ya gyara ƙarshen, ya ƙi, suka sallame shi, ya koma ƙauyuka abinsa. Yaya yana ba da wannan labari yana tsalle kamar shi aka kora. Finafinan babu waƙa, babu rawa, babu faɗa, magana ma sai an daɗe. Umma ta ce kallon tukunya ta tafasa ya fi su daɗi. Ni kuwa sun kama ni, domin shirun da ke cikinsu fili ne aka ba bakina. Ina zaune jikin Kaka ina zuba: ga gona, ga rijiya, ga wani tsoho ya fito ya kalli sama ya koma. Ita ko tana gyara mini da kunne, ta ce wannan kukan kaza mai shirin ƙwai ce.

Sai dai Kaka ba ta yarda akwai mai hankalin da zai fara labari ya bar shi a hanya ba. Hukuncin da ta yanke shi ne faifan ne ya lalace, Bamisire ya cuci jikanta. Ta tasa Yaya a gaba ya mayar wa mai shagon faifai da ke bakin titi, ni kuma aka haɗa ni da shi don kada ya yi ha'inci. Mai shago ya ce ma'alesh, wato mu yi haƙuri, ya canza mana wani. Muka dawo da gudu muka saka, ya sake yankewa a wuri guda. Da muka koma kuma, sai bawan Allah ya ɗaga hannu sama ya ce khalas, wato shi ya gama, mu je Amurka mu tambayi mai fim ɗin. Daga ranar Kaka ta raɗa wa darektan suna Mai Yanke Zance, tana tsine wa halinsa, amma da la'asar ta yi ita ce mai tambayar ko mijin nan nata ya kawo wani, don da sunan nan take kiran Yaya da wasa.

Fim ɗin da ya tayar da ƙura shi ne na wata mata mai gonar masara da ɗanta tilo. Yaron ya samu tafiya birni, ta ɗaure masa kaya, ta raka shi bakin hanya, bas ta zo ta ɗauke shi. Daga nan kyamara ta tsaya a kan fuskar matar, ta daɗe ba ta motsa ba, sai baƙi. Kaka ta damƙi hannuna ta ce me matar take yi. Na ce murmushi take. Umma da ke tsintar shinkafa ta ce ƙarya ne, kuka take shirin yi. Yaya ya ce ai hikimar ke nan, darektan ya bar ƙarshen a fuskar, kowa ya karanta da kansa. Muka mayar da wurin ya fi a ƙirga, muna musu har maƙwabta suka buga bango. Kaka ta saki hannuna ta ce, "Idanu shida a ɗaki, an rasa mai ganin fuskar mace ɗaya. Ku ce wa wancan ya kai ni wajen mai wuƙar, in duba da kaina." Ban san lokacin da na sauka benen nan ba takalmi ba, na tari Baba a ƙofa ina ihu.

Aka yi aikin ido ɗaya a wani asibiti a Dokki. Ranar da likita ya yarda ta kalli haske, tun kafin ta cire mayafi ta ce a kunna fim ɗin. Baba yana tsaye bakin ƙofar falo, don ba ya zama inda take. Yaya ya kai fim ɗin daidai wurin. Kaka ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta daɗe tana kallo, mu kuwa ko numfashi ba ma yi da ƙarfi. Can ta ce, "Haɗiye kukan take yi. Kuma ta fi ni ƙarfin hali, ta je bakin hanya. Ni ranar da wancan ya taho Masar, bayan rumbu na tsaya har ƙarar motar ta ɓace." Sai ta juya ta dube shi, sosai, a gabanmu duka. Baba ya tsuguna a inda yake, ya rufe fuska da hularsa. Na yi farin ciki a ranar har na rasa inda zan sa kaina, kuma shi ne karon farko da na ga babba yana kuka ban ji tsoro ba.

Bayan an yi mata aikin ɗayan, Kaka ta koma gida da idanu biyu garau, ta yi sauran shekarunta tana tsintar wakenta da kanta. Yanzu finafinan mutumin nan suna cikin wayata, babu faifan da zai lalace, babu wanda zan yi musu da shi. 'Ya'yana kowa da nasa allon a hannu da abin toshe kunne, in na zauna kusa da su na fara bayani sai su ce suna gani. Ban ga laifinsu ba. Ni dai ban sake kallon fim da daɗi irin lokacin da nake kallo don mutum biyu, ni da Kaka, ba.