Gwangwanina da na Mai Tsire

A Fatakwal na kamu da wasan geocaching. Mutum zai ɓoye ɗan gwangwani da ƙaramar kyauta a ciki, ya sa alamar wurin a taswirar waya, 'yan ƙungiyar wasan su bi su tono, su ɗauki abu su bar wani.

Ni na koya wa maƙwabcina mai tsire wasan nan, da bakina. Nawa gwangwanin na yi masa ɓuya ta ilimi, can cikin ramin wata katanga bayan tashar Rumuokoro, na saka zoben azurfa da na zo da shi daga Kano. Shi kuwa gogan naka sai ya liƙa nasa ƙarƙashin teburin tsirensa, da marfin kwalba a ciki. Marfin kwalba fa!

Amma duk Asabar sai ka ga 'yan ƙungiya sun sauka daga okada, sun duƙa sun lalubo shi, sun sayi tsire, sun cika mana waya da hotuna suna ta zuba masa yabo. Ina kallo daga shagona, zuciyata na tafasa. Na gaya masa wannan ba wasa ba ne, talla ce. Ya yi dariya ya ce, "Maƙwabci, zo ka ɗanɗana ƙuli."

Bayan damina na je duba nawa, ina fatan ko an wawashe shi. Gizo-gizo ya yi gida a bakin ramin, zoben yana nan yadda na bar shi. Ko ɓarawo bai kula ni ba.