Gwaggo Ce Ta San Hanya

A garin da ke gindin duwatsun nan, duk wanda ya zo neman tarihin tsohuwar hanya gidan Baba Mai Jakuna ake nuna masa. Daga kan bencinsa na ƙofar gida zai zayyana maka yadda kakanni suka sare dutse da hannu suka fitar da hanyar, ana hawa da gishiri ana saukowa da ƙarfe. Zai ba ka labarin gadar dutse da hasumiyar tsaro da masaukin fatake da ke can ƙoli. Tun yana saurayi yake bin hanyar da kaya, har kwalta ta zagayo ta bayan dutse motoci suka ƙwace masa sana'a.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, shi kansa bai san hanyar ba. Masu jakuna a nan ba sa jan dabba. Jakar gaba ake sakar wa igiya ta zaɓi inda za a taka, mutum ya biyo baya idonsa a kan kaya kada su karkace. Shekara da shekaru Baba bai kalli komai ba sai wutsiyar Gwaggo, jakarsa ta gaba, wadda yanzu ta tsufa tukuf tana kwance a bayan gida.

Ga kuma wani abu. A da matarsa ce ke kula da masaukin nan na ƙoli. A can ta haifi 'yarsu, a can ta rasu yarinyar ko yaye ba a yi ba. Ya sauko da jaririya a kafaɗa, daidai lokacin da motocin suka fara zuwa, bai sake hawa ba. Ni dai ban ga laifinsa ba.

Rannan sai ga wata malama daga ofishin adana kayan tarihi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce masu fasa dutse sun nemi gangaren nan gaba ɗaya. In aka samu wanda ya nuna hanyar aka sa mata alama, za a hana su. In ba a samu ba, har masaukin za a niƙe.

"Baba, an ce kai kaɗai ka rage."

"Haka suke faɗa," in ji shi.

Suka ɗauki hanya shi da 'yarsa da malama riƙe da gwangwanin fenti. Har gada lafiya lau, don ko makaho ya san gada. Suna tsallakawa sai ciyawa iya wuya, zaftarewar ƙasa ta binne komai. Baba ya nuna dama da sanda, suka ɓulla bakin rami. Ya ce ai gwada su yake yi. Ya nuna hagu, suka shige cikin ƙaya. Ya samu dutse ya zauna, gumi na tsiyaya, kunya ta hana shi ɗaga ido.

"Baba, ko ƙafar ce?" 'yarsa ta tambaya a hankali.

"Ba ƙafa ba ce, 'yar nan. Ni mai biyo baya ne. Gwaggo ce ta san hanya."

Malama ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Cewa ta yi, "To a ɗauko mana Gwaggon."

Washegari suka kai Gwaggo bakin gada, ta toge ta ƙi motsi. Baba ya dafe kai, ya tuna ba ta taɓa hawa babu kaya ba. Ya ɗora mata akumari da tsohuwar mangala, ya jefa ɗan dutse a kowane gefen mangalar, ya saki igiya. Gwaggo ta karkaɗa kunne ta kutsa cikin ciyawa, inda babu mai hankalin da zai sa ƙafa. Ƙarƙashin kofatonta kuwa ga shimfiɗaɗɗun duwatsu sun yi sumul. Malama na bi tana ɗiga fenti, Baba a baya idonsa kan kaya yadda ya saba. Suka wuce hasumiya, rabinta ya zube.

Can sama Gwaggo ta saki hanya ta ratse. Malama ta ce ko ta ɓata ne. Baba kuwa ya gane. Jakar ta tsaya gaban wani kango mara rufi, kusa da kwamin dutse na shayar da dabbobi da ganye ya cika, ta juya kai wajen ƙofa ta yi kuka, sannan ta tsaya jira. Masaukin ke nan, nan matarsa take fitowa da bokitin ruwa duk sanda suka iso.

"Me take jira, Baba?" in ji 'yarsa.

"Innarki. Wancan ɗakin na ciki, nan aka haife ki."

'Yar ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta kwashe ganyen da hannu, ta juye ruwan gorarta duka a kwamin. Gwaggo ta sunsuna hannunta, ta sunkuyar da kai ta sha.