Uwaliya da Tukunyar Kanumfari

Ni ne Lukuman, mai walda a bakin tashar Gwarzo. Karatuna a aji shida ya tsaya, shi ma da ƙyar. Amma jiya sakamakon ƙanwata Uwaliya ya fito, ta gama makarantar koyon aikin lafiya, har yanzu bakina ya ƙi rufuwa. Shi ya sa na ce sai na rubuta labarinta, ko da rubutun nawa a karkace yake.

Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta da aiki sai tambaya. Me ya sa kunu ke tsami in ya kwana? Me ya sa Inna ke zuba barkono a buhun wake? Inna ta ce, "Je ki tambayi Yayanki." Ni kuma in tura ta wajen Malama Hanna, 'yar Filato mai koyar da kimiyya a sakandare. Ita kaɗai ce ba ta gajiya da Uwaliya.

Bara, da aka fara Shari'a, Uwaliya tana ajin ƙarshe. Aka ce kowa ya kawo bincikensa, wanda bai kawo ba ya maimaita shekara. Ta zaɓi farin nan da ke fitowa a harshen jarirai har su ƙi kama nono. Magani ya yi tsada, mata sai dai su goge da tsumma. Ta ce ƙwayar da ke kawo shi 'yar uwar yis ce, na burodi, kuma so take ta gani ko man kanumfari zai hana ta yaɗuwa.

Na ce, "Kanumfari har mai gare shi?"

"Yana da shi, Yaya. Tururi ke fito da shi."

Malama Hanna ta zana mana yadda ake tatso man a takarda. Na huda murfin tukunya, na liƙa bututun tagulla, na lanƙwasa shi ya ratsa bokitin ruwan sanyi. Kwana uku muna hura wuta a gidanmu na unguwar Jama'a, man da ya taru ko kwalbar turare bai cika ba. Kuma abin mamaki, ba ya tasowa sama kamar man gyaɗa, ƙasan ruwa yake kwanciya.

Ba a fita da ƙwayar cutar daga makaranta, don haka Uwaliya ta fara gwaji da yis na gidan burodi, a ruwan ɗumi da sukari. To ga tukunya da bututu, ga warin tsami, ga Malama Hanna tana shigowa kullum da la'asar. Mu ko a jikinmu. Ashe magana ta zaga gari, wai giya ake dafawa a gidanmu.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Mai Unguwa Mijinyawa. Bayan mun gaisa ya ce in yi masa iso. Ya tsaya a kan tukunyar ya daɗe yana kallo.

"Lukuman, waldar taka ke nan? A wannan zamani?"

Ya ɗauki kwalbar man, ya ce a gabansa za a zubar, a kuma fasa tukunyar. Ran Litinin fa Uwaliya za ta kai man makaranta! Sai ta durƙusa.

"Baba, ka zubar in ka ga dama. Amma don Allah ka ɗan zauna tukuna."

Ta jera kofi biyu, ta zuba ruwan sukari da yis a kowanne, ta roƙe shi ya ɗiga man a ɗaya da hannunsa. Muka zauna. Inna ta aiko da fura, ya ƙi sha. Can sai kofi ɗaya ya fara kumfa har yana neman zuba. Wanda ya ɗiga wa man kuwa shiru.

Ya matso da kujera. "Wa ya hana wannan tashi?"

"Kai ne, Baba."

Ya shinshina kwalbar, ya dangwala yatsa ya taɓa a harshe. Sai ya zabura.

"Ke 'yar nema! Harshena ya mutu!"

"Zai dawo, Baba. Shi ya sa ba a sa wa jariri shi haka, ƙona shi zai yi. Gwaji muke tukuna."

Ya nuna mai kumfar. "Wannan fa, in ya kwana?"

"Ba ya kwana. Kullum a kwata nake zubarwa."

Ya sa ta zubar a gabansa. Sannan ya ce a sake, wannan karon da tafarnuwa, yana son ya gani. Sai da aka kira azahar ya tashi. Ya miƙa mata kwalbar da hannu biyu, ya ce a gai da Malama, a ba ta haƙuri.

A makaranta ta ɗiga man a farantin da ƙwayar take. Da ta dawo ta ce kewayen ɗigon fes, ba abin da ya tsiro. Jiya da na kai wa Mai Unguwa albishir, ko barka bai gama yi min ba ya ce, "To citta fa? Ta gwada citta?"