San da Na Ara wa Surukina

A shekarar, damina ta sauka da wuri a Fakuwa, ciwon shanu kuma ya biyo ta. Ƙulle-ƙulle ne ke fitowa a fata kamar an cusa goro a ƙarƙashinta, sai zazzaɓi, sai dabba ta ƙi kiwo. Sa ɗaya gare ni, ja, na huɗa. Ranar da na shafa wuyansa na ji ƙulli uku, na hau babur sai Kankiya wajen malamin dabbobi. Bai ja zance ba: in ware shi, in yi masa feshi, kada ya kusanci shanun kowa, don ƙuda da sauro ne ke yaɗa abin. Na ce to, har da gyaɗa kai kamar mai hankali.

Bayan kwana biyu sai ga surukina daga Kusada. Bai aiko ba, da ƙafarsa ya zo. Na durƙusa, idona a ƙasa.

"San huɗata guda ya yi targaɗe," in ji shi. "Ka ara mani naka, in samu in tashi gonar gero."

Maganar tana bakina. Amma wa ke ce wa suruki a'a? In na ce san ba shi da lafiya, kafin la'asar an ji a Kusada mijin 'yarsa marowaci ne. Na kwance igiya na miƙa masa, har da rakiya. Kunya muke kiran wannan, muna taƙama da ita. Ni yau tsoro nake kiranta, kuma haushin kaina bai sake ni ba.

Mako uku, ciwon ya gama da turkensa. Saniyar da jikokinsa ke shan nononta ta yi ɓari, nono ya ƙafe. San da ya rage masa ya kwanta bai tashi ba. Rabin gonar ciyawa ta cinye.

Surukina da kansa ya dawo mini da san nawa, a rame, fata duk gyambo. Tsohon da ban taɓa gani ya sunkuyar da kai ba ya tsaya a ƙofar gidana yana murza hula.

"Ka yafe mani. Ka ba ni sa lafiya lau, shanuna sun shafa mashi ciwo."

Na ce, "Ba komai, Baba."

Ya daɗe yana sa mini albarka. Har ya rasu yana gaya wa mutane ya yi dacen suruki.