Kwamfuta Ta Ce Tsohon Ya Karɓi Taki

A shekarar 2006 ni matashi ne a Lafiya, na fito daga makaranta da takardar ilimin kwamfuta da girman kai cike da ciki. Wata ƙungiyar manoma ta ɗauke ni in rubuta mata manhajar rabon taki. Don in burge, sai na ware wa kowane manomi bit ɗaya tak, wato ɗigo mafi ƙanƙanta a ma'ajiyar kwamfuta: ɗaya ya karɓa, sifili bai karɓa ba. Wajen sa alama na ƙirga daga ɗaya. Wajen dubawa kuwa na ɗauko wani gajeren umarni da ke zuwa tare da kwamfaila, manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren na'ura. Ashe shi daga sifili yake ƙirga. Kowa ya zo, ɗigon wanda ke bayansa ake dubawa. Ban gwada ba ko sau ɗaya.

Da yake mutane sun bi layi bisa lamba, asirina bai tonu ba. Sai wani dattijo daga wajen Doma ya makara da kwana ɗaya, na bayansa ya riga ya karɓa. Na duba, na ce Baba ya karɓi nasa. Ya ce wallahi ko buhun bai gani ba. A gaban jama'a na ce masa kwamfuta ba ta ƙarya, shugaban ƙungiya ya ɗora da cewa mai furfura bai kamata ya zo cin biyu ba. Aka yi dariya, aka cire sunansa.

Bayan mako uku na gano kuskuren. Na kai wa shugaba, ya ce in gyara in ja bakina, kada manoma su raina na'urar da aka yi bikin ƙaddamar da ita. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Mutuncin ƙarfe ya fi na mutum ke nan? Ni ma da na bi umarninsa har damina ta wuce ban fi shi ba.

Da kaka na je gonar tsohon neman gafara, na tarar masararsa ba ta yi abin kirki ba. Ya ce takin ya yafe, amma in ina da gaskiya in je in faɗa a inda aka kira shi ɓarawo. Kafin taro na gaba ya rasu.

Masu wannan sana'a, ku gwada aikinku kafin ku saka shi a kan mutane. In dattijo ya rantse allon kwamfuta ya musanta, ku fara tuhumar hannun da ya rubuta. Na faɗi gaskiya a taron, amma kujerarsa babu kowa.