Bindigar Baba a Kafaɗar Bahago

Yayana bahago ne. Tun muna yara aka yi ta dukan hannun har aka gaji. Da dama yake cin tuwo, da dama yake gaisawa, amma fartanya da wuƙa sai hagu. Abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da aka bar mu muka koma gonarmu ta bakin kogin Komadugu, bayan mun daɗe a Difa muna zaman gudun hijira gidan kawu.

Muka shuka shinkafa. Tana fara ido tsuntsaye suka sauko kamar hayaƙi, gwangwani da igiya ba su yi musu kome ba. Sai Yaya ya tono bindigar toka ta Baba daga inda muka binne ta ranar gudu. Na hana shi ɗura ta sai da muka je wurin Bulama, mai garinmu, shi kuma ya sanar da soja. Aka ce albarushi zalla, ban da harsashi, daga hantsi zuwa la'asar. Sau uku na koma ina tambayar Bulama ko da gaske an gaya musu. A na ukun ya ce in je in sha ruwan sanyi in kwanta.

Bindigar irin wadda ake ɗurawa ta baki ce. A gefen dama akwai ƙanƙara, dutsen da ke ƙyasta wuta, da ɗan kasko na albarushi. In an ja kunama, nan wuta take fara tashi kafin ta shiga ciki. Mai harbi da dama fuskarsa na ɗaya gefen, itace ya tsare shi. Bahago kuwa gefe ɗaya yake da wutar, tsakanin idonsa na dama da kaskon bai fi taƙi ba.

Harbin farko ya cinye masa rabin gira.

Na ce, "Yaya, don Allah mai da ta kafaɗar dama. Kora kake yi, ba saiti ba."

Ya gwada don in yi shiru. Bindigar ta naushe shi a haɓa ta faɗa cikin ruwa, muka yi yini biyu muna shanya ta, tsuntsaye na biki. Ya ce, yana yi mini gorin boko, "Ka gani, ɗan lakwal? Ni ina rufe idon. Shi ke nan."

Fatar ido! Bawon albasa ya fi ta kauri. Ga shi an hana hawa moto, wato babur, in wani abu ya faru sai amalanken jaki, a tsaya a kowane shingen soja, kafin a kai shi likita a Difa idon ya riga ya tafi. Na faɗa masa haka da safe, na faɗa da rana. Ya ce bakina kaɗai ya isa korar tsuntsayen, a ajiye bindigar.

Na aro masa baƙin tabarau wurin wani mai walda. Ya saka, ya ɗaga kai ya ce, "An yi magariba ne?" Taku uku ya zurma cikin kwatar ban-ruwa. Ya cire ya rataye wa jaki a kunne.

Washegari na tsaya dab da shi ta dama don in tabbatar yana rufe idon. Ya ja kunama, wuta ta feso ta gefe ta huda mini hula ta lashi kunnena. Ya yi dariya har ya zauna a kan kunya. Ni kuwa ina riƙe da kunne na gane hanyar da wutar take bi: gefe, da baya kaɗan. Abin da ake so shi ne a tare ta a nan.

Ba a shiga gari da bindiga. Na auna kaskon da tsinke, na zana shi a takarda, na sake aunawa sau biyar, na kai wa wani maƙeri da ya gudo daga tsallaken kogi. Na fara tambayarsa ko zai iya mai da kaskon hagu.

Ya ce, "Malam, ya fi mini sauƙi in ƙera maka sabon yaya."

Amma ya yanko gindin tsohuwar butar ƙarfe, ya lanƙwasa, ya huda inda kusa za ta shiga. Na ɗaura shi ya zagaye kaskon ta gefe da baya. Yaya ya ce na yi wa bindigar Baba kunnen jaki, kwana biyu bai kula ni ba. Bai dai cire ba.

Da muka yanke shinkafa na kwance ƙarfen don in goge. Cikinsa ya yi baƙi ƙirin, duk ya tsattsage, ga wani ɓallin ƙanƙara kamar ƙwayar shinkafa ya nutse a ciki, daidai saitin idonsa. Na kai masa. Ya karɓa da hagu, ya juya, ya kankare ɓallin da farce, ya dube ni da idanunsa biyu lafiyayyu.

Ya ce, "Ashe maƙerin nan ya iya aiki. To kai wa ya ce ka cire? Mayar da shi."