Lambar Kaka Garba da Harafi Mai Ƙafa Uku

Zuwa ga Yaya Inusa da dukan mutanen gidanmu a Zongon Kumasi. Da hannuna na rubuta wannan, sai ku yi haƙuri da inda ya karkace.

Tremont, ƙarfe biyar da rabi

Ranar Asabar na fito daga ɗakina a unguwar Tremont bayan sallar asuba, gari bai waye ba. A aljihun ƙirjina akwai lambar Kaka Garba, naɗe cikin hankicin Baba. Kun san ta, 'yar azurfar nan mai kan Bature da hular ƙarfe, wadda Baba ya ce Jamusawa suka ba Kaka lokacin da yake soja a Togo. Kun kuma san abin da Yaya Inusa yake faɗa, wai maƙeran kasuwa ne suka zuba ta, Kaka kuwa bai taɓa ɗaukar komai ba sai huhun goro.

Shekara da shekaru ina kare Kaka. Abin da ya karya mini gwiwa karatu ne. Tun da na shiga ajin manya na yamma, ba na wuce rubutu ban tsaya ba. Wata rana ina bin haruffan bayan lambar ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wani R yana da ƙafa uku. Ƙafa biyu Malamarmu ta koya mana. Na ce a raina, Bajamushe ba zai kuskure harafinsa ba, ke nan Yaya ne mai gaskiya. Ban gaya wa kowa ba.

Fordham Road, shida da minti goma

A ƙasa na tafi. Alhaji Mamman, mutumin Damagaram mai gyaran agogo, ya riga ya buɗe shago ya ɗora shayi. Shi ne ya san wani tsoho a unguwar Jamaica, can ƙetaren ruwa a birnin nan, da ke tara lambobin sojan Jamus, kuma shi zai raka ni.

"Ɗan Zongo, ka shirya? Yau za mu ji ko jikan soja ne kai ko jikan ɗan dako."

"Ko ɗan dako ne, bai ci fara ba dai, Alhaji."

Muka sha shayi da burodi da ƙwai. Daga nan na yi ƙasa da murya na nuna masa ƙafar. Ya maƙala gilashinsa na agogo a ido, ya duba, ya ce, "Wannan ai aikin minti biyu ne." Ya zaro ɗan magagarinsa. Na ce ya share ta, kada mu je mu ji kunya a gidan mutane.

Har ya kafa lambar a kan tebur, sai na tuna dokar ajinmu. Malama tana ƙwace mana abin gogewa tun daga bakin ƙofa. Takan ce, kada ka goge kuskure kafin in gani, a wurinsa nake gane inda ka fito. Na kama hannun Alhaji.

"Bar ta. Mu kai ta da gurguntarta."

"Kai dai karatun nan ya mai da kai yaro," in ji shi, ya mayar da magagarin cikin akwati.

Cikin jirgin ƙasa

Bakwai da minti biyar muka shiga jirgin D, kusan dala uku kowa. Tun kafin mu tsallaka ruwa Alhaji ya yi barci. Da, tashoshi nake ƙirgawa da yatsu. Yau ni na karanta allon tashar Seventh Avenue, na tashe shi, muka sauka muka koma jirgin E. Ya tambayi wata mata ko daidai muke, ta ce daidai. Na ce masa ai na faɗa. Ya ce shaida biyu ake so. Tara saura minti ashirin muka fito a Jamaica.

Jamaica, gidan Mista Harol

Tafiyar minti goma ce daga tasha. Mista Harol tsoho ne mai dogon wuya, ya yi aikin lodin kaya a filin jirgi har ya yi ritaya. Matarsa ta kawo mana kofi da kek. Ya sa lambar a ma'auni, ya auna faɗinta, sannan ya ɗora ta ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya daɗe yana dubawa. Kofina ya huce a hannuna.

Na ga gara in faɗa da bakina. Na ce da ɗan Turancina, "Yallaɓai, akwai kuskure a harafin R."

Ya ɗago yana dariya. "Shi nake nema," in ji shi. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da tasa lambar, ya jera su, ya ce in leƙa. Nata R ɗin ma ƙafa uku, a wuri guda, siririn layi daga gindin harafin zuwa ganyen da ya zagaye rubutun.

Ya yi mana bayani a hankali. Da hatimin ƙarfe ake buga irin wannan lamba. In hatimin ya gaji ya tsage, azurfa tana shiga tsagar, sai duk wadda aka buga bayan nan ta fito da layin a jikinta. Mai yin jabu, in sabon hatimi ya sassaƙa, haruffansa tsaf suke fitowa. In kuma zubi ya yi, layin yakan dushe, jikin ya yi ƙananan ramuka. Tamu layinta kaifi gare shi kamar gashi.

Alhaji ya shafa kumatunsa ya ce mini da Hausa, "Ashe tsagen gidansu ne muka so mu kankare."

Mista Harol ya tambayi me ya ce. Alhaji bai rufa mana asiri ba, ya ba shi labarin magagarin. Tsohon ya dafe kai, ya kira matarsa ta zo ta ji. Ya ce da mun share ta, da ba shi da abin da zai rantse a kai.

Na tambaye shi ko wannan ya nuna Kaka soja ne. Ya ce abin da ya sani shi ne lambar ta gaskiya ce, irin wadda ake ba sojojin Afirka, amma ƙarfe ba ya faɗin ƙirjin da ya hau. Na ce wannan ya ishe ni, sauran na riga na ji daga bakin Baba. Ya miƙo katin shaidar lambar ya ce a faɗa masa sunan mai ita ya rubuta. Na ce ya ba ni biron.

Komawa gida

Muka ci shinkafa da kaza kusa da tasha, dala tara kowa. Alhaji ya ce bas za mu hau don jikan soja ya ga gari. Na tambayi direban bas mai lamba Q44 ko yana shiga ɓangarenmu na Bronx, ya ce in dai gada tana nan. Muka tsallaka gadar da ƙarfe ɗaya da rabi, ruwa yana ƙyalli a ƙasa. Kafin la'asar ina ɗakina.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Mista Harol da matarsa, da Alhaji Mamman da ya saki magagari, da Malama mai ƙwace abin gogewa. Yaya Inusa, goron da ka ce Kaka ya yi dakonsa, ka sayi ƙwarya guda ka raba masa sadaka ranar Juma'a.

Hoton katin yana tafe da wannan takarda. Za ku ga na rubuta GARBA da manyan baƙaƙe, R ɗin da ƙafa uku. Kada kowa ya gyara mini.